Gubar Aro: Yadda Ƙwayoyin Gado Ke Yawo Tsakanin Bakteriyar Gudawa

Mafi munin gudawar da bakteriya ke haddasawa, irin wadda ke tsotse ruwan jikin ƙato cikin yini guda ko ta kashe ƙodar ƙaramin yaro, aikin guba ce da ƙwayar cutar ke sarrafawa a cikin hanji. Galibin irin wannan guba furotin ce, kuma kowane furotin akwai umarnin haɗa shi a rubuce cikin DNA ɗin bakteriyar. Wannan guntun umarni shi ake kira ƙwayar gado. Bakteriyar da ke ɗauke da ƙwayar gadon guba tana iya yin gubar, wadda babu a jikinta kuwa ba za ta iya ba, ko da sunansu ɗaya, kamanninsu kuma ɗaya a madubin likita.

Rabon waɗannan ƙwayoyin gado ba daidai yake ba ko kaɗan. Escherichia coli, wadda likitan yara Theodor Escherich ya bayyana a 1885, tana shiga hanjin jariri a kwanakin farko bayan haihuwa, ta zauna tare da shi har tsufa ba ta cuce shi ba. Amma a cikin danginta akwai masu kwantar da yaro da gudawar ruwa, akwai masu sa kashin jini. Vibrio cholerae, ƙwayar kwalara, tana da rukuni fiye da 200 idan aka bi suturar bayan jikinta, kuma yawancinsu mazauna bakin teku ne da gulabe, ba ruwansu da ɗan Adam. Rukuni biyu kacal, O1 da O139, ke tayar da annoba. Abin da ya raba mai kisa da marar laifi 'yan guntayen DNA ne, waɗanda akasarinsu daga waje suka shigo.

'Yan dako

Bakteriya tana hayayyafa ne ta hanyar tsagewa biyu, kowane ɓari ya tafi da kwafin kuromosom, wato doguwar igiyar DNA mai ɗauke da ainihin umarnin rayuwarta. Da a ce nan gado ya tsaya, da kowace guba ta maƙale a zuriyar da ta fara samun ta. Sai dai bakteriya tana karɓar DNA daga maƙwabciyarta, wani lokaci ma daga wadda ba su haɗa dangi ba, kuma akwai 'yan dakon da ke kai kayan.

Akwai filasmid, ɗan zoben DNA da ke zaune daban da kuromosom yana kwafin kansa. Wasu filasmid suna ɗauke da umarnin ƙera siririn bututu da zai haɗa ƙwaya da ƙwaya, kwafin zoben ya tsallaka. Joshua Lederberg da Edward Tatum ne suka fara nuna irin wannan musaya a jikin E. coli a 1946. Ta wannan hanya juriyar magunguna ke yaɗuwa, kuma wani lokaci guba da juriya suna kan zobe ɗaya.

Akwai kuma bairas ɗin da ba ya kama mutum ko dabba, bakteriya kaɗai yake shiga, wanda masana ke kira faj. Wani faj ɗin da ya shiga sai ya hayayyafa ya fasa ƙwayar. Wani kuwa yakan cusa DNA ɗinsa cikin kuromosom ya yi lamo, a yi ta gadonsa daga uwa zuwa 'ya, duk ƙwayar gadon da ya shigo da ita ta zama ta mai masauki. A 1951 Victor Freeman ya gano cewa ƙwayar cutar mashaƙo ba ta yin guba sai irin wannan faj ya shige ta. Daga baya aka ga ashe abin ruwan dare ne.

Sannan akwai manyan yankunan DNA da suka dasu cikin kuromosom, ɗauke da ƙwayoyin gado masu yawa a jere, waɗanda ake kira tsibiran cuta. Da lissafi ake gane baƙuncinsu. Harufa huɗu ne ake rubuta DNA da su, A da T da G da C, kuma kowane jinsin bakteriya da nasa kason G da C. Idan aka tarar da yankin da kasonsa ya saɓa da na sauran kuromosom, a gefensa kuma ga ragowar kayan shiga da fita, to baƙo ne, ko da ya daɗe har ya rasa ikon tashi. Wasu bakteriyar ma ba sa jiran ɗan dako, tsintar DNA ɗin matattun ƙwayoyi suke yi kai tsaye, kamar yadda V. cholerae ke yi idan ta sauka a kan ɓawon ƙaguwa da na ƙananan halittun ruwa.

Kwalara: sai an buɗe ƙofa

Robert Koch ya ware ƙwayar kwalara a Kalkata a 1884, amma an kwashe shekaru 75 kafin a tabbatar da yadda take kisa. A 1959 likitan Indiya Sambhu Nath De ya ɗaure hanjin zomo gaɓa-gaɓa, ya zuba ruwan da aka rena ƙwayar a ciki bayan an tace ta tas. Gaɓoɓin suka kumbura da ruwa alhali babu bakteriya ko ɗaya a ciki. Ashe abin da ƙwayar ke fitarwa ne ke aikin.

Gubar kashi biyu ce. Kashin B guda biyar ne a zagaye kamar zobe, su ke riƙe wani sinadari mai suna GM1 a fatar sel ɗin ƙaramin hanji. Kashin A shi ke kutsawa ciki ya danne wani makunni ya hana shi mutuwa, sai sel ya yi ta tura gishiri cikin hanji ba tsayawa, ruwa ya bi gishirin. Mai tsananin ciwo yana iya zubar da lita guda cikin awa ɗaya, bahayar fara-fara kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Gubar ba ta kashe sel ɗin, ba ta kuma yi wa hanji rauni, shi ya sa ba a ganin jini. Ƙofar da ke shigar da gishiri tare da sukari ma tana nan tana aiki, kuma a kan wannan aka gina ruwan gishiri da sukari da ke ceton rayuka.

Ƙwayoyin gado biyu ne ke yin wannan guba, ctxA da ctxB. A 1996 Matthew Waldor da John Mekalanos na Jami'ar Harvard suka nuna cewa dukansu na wani faj ne siriri kamar zare, wanda aka sa wa suna CTX. Yana dasa kansa cikin kuromosom, yana kuma iya fitar da 'ya'yansa ba tare da ya fasa mai masauki ba. To idan guba tana tafiya a jikin bairas, me ya hana ta game rukuni 200 ɗin nan duka?

Amsar tana bakin ƙofa. Faj ɗin ba ya iya shiga sai ƙwayar tana da wani gashi a jikinta mai suna TCP, wanda yake kamawa ya zura kansa. Wannan gashin kuma shi ne wanda ƙwayoyin kwalara ke manne wa juna da shi su kafa sansani a bangon hanji. Umarnin ƙera shi yana kan wani tsibirin cuta daban, VPI-1, kuma a kan tsibirin ne ƙwayar gadon toxT take, wadda ke ba da izinin kunna gashin da gubar a lokaci guda. Ke nan akwai tsari: tsibiri ya fara zuwa, sannan bairas ya samu ƙofa, kuma ko ya shiga, mabuɗin gubarsa yana hannun tsibirin. Mafi yawan Vibrio da ke cikin ruwa ba su da tsibirin. Akan samu 'yan tsiraru daga wasu rukunai, kamar O75 da O141, sun haɗa kayan biyu, sun kuma kwantar da mutane jefi-jefi a Amurka, amma ba su taɓa tayar da annoba ba. Guba da gashi wajibi ne, sai dai ba su isa ba sai jikin da suka sauka ya dace da su.

Annobar da duniya ke ciki yanzu, ta bakwai a lissafi, ta fara ne a tsibirin Sulawesi na Indunusiya a 1961. Nau'in O1 da ke bayanta ana kiransa El Tor, sunan wata tashar killace matafiya a Sina'i inda aka fara samun irinsa a 1905 a jikin alhazan da ke dawowa daga Makka. Ya iso Afirka ta Yamma a 1970, Peru a 1991, Haiti a 2010. A tsawon wannan tafiya kayansa sun yi ta sauyawa. Daga shekarun 1990 aka fara ganin El Tor ɗauke da ctxB irin ta tsohon nau'in da ya yi annobar da ta gabata, kuma waɗannan masu gauraye suka ture na asali kusan ko'ina. A ƙarshen 1992 kuma, a Madras da gaɓar Bangaladash, wani El Tor ya musanya ƙwayoyin gadon suturarsa da na wata Vibrio, ya fito a matsayin O139. Gubar ita ce dai, riga ce ta canza, amma garkuwar jikin manyan da suka saba da O1 ba ta gane shi ba, ya kwantar da su da yawa kafin ya ja baya.

Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya karanta DNA ɗin ƙwayoyi fiye da 1,000, ya nuna cewa manyan annobar kwalara a Afirka tun 1970 sun fito ne daga zuriya ɗaya da ta shigo daga Asiya aƙalla sau 11. Wato mutane ne ke ɗauko ta, gurɓataccen ruwa ya raba. A 2021 hukumar NCDC ta Najeriya ta lissafa mutum fiye da 110,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,500 suka rasu, kuma sama da rabin masu ciwon daga Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara suke. A irin wannan yanayi, samun V. cholerae a ruwan rijiya bai isa hujja ba. Sai an tabbatar O1 ce, kuma tana da ctxA.

E. coli mai gudawar ruwa

Nau'in E. coli da ake taƙaita sunansa ETEC yana cikin manyan masu sa yara gudawa a ƙasashe masu ƙarancin tsaftataccen ruwa, shi ne kuma ke tarbar baƙon da ya zo daga Turai. Guba biyu yake aiki da su, kuma a kan filasmid suke. Tun a ƙarshen shekarun 1960 masu binciken gudawar 'ya'yan aladu a Ingila suka nuna cewa ikon yin gubar yana tsallakawa daga ƙwaya zuwa ƙwaya.

Ta farko, LT, zafi yana lalata ta. 'Yar'uwar gubar kwalara ce ta kusa, tubalansu sun yi daidai da kusan kashi 80 cikin 100, aikinsu ma iri ɗaya ne, sai dai LT ba ta kai ta ƙarfi ba. Asali ɗaya ne ya rabu, ɗaya ta hau bairas ta sauka a Vibrio, ɗaya ta hau filasmid ta sauka a E. coli. Ta biyu, ST, 'yar mitsitsiya ce, tubali 18 ko 19 kacal, kuma tana jure tafasa na ɗan lokaci. Kwaikwayon wani sinadari take yi da jikin mutum ke amfani da shi wajen daidaita ruwan hanji. Kwaikwayon ya yi kyau har masu haɗa magunguna suka ɗauki siffarta suka yi maganin taurin bahaya mai suna linaclotide.

ETEC ta kasu gida uku: mai LT kaɗai, mai ST kaɗai, da mai duka biyun. Wannan rabo yana da nauyi a asibiti. Binciken GEMS, wanda sakamakonsa ya fito a 2013, ya kwatanta yara 'yan ƙasa da shekara biyar masu gudawa fiye da 9,000 da takwarorinsu masu lafiya fiye da 13,000 a Gambiya, Mali, Kenya, Mozambik, Indiya, Bangaladash da Pakistan. Cututtuka huɗu suka fito a sahun gaba: rotabairas, Cryptosporidium, Shigella, da ETEC mai ST, ko da LT ko babu. Mai LT kaɗai kuwa an same ta a bahayar masu lafiya kusan kamar yadda aka same ta a ta marasa lafiya. Gubar ST, wadda ta fi haɗarin, ita ce ta fi wuyar yi wa rigakafi, domin ƙanƙantarta ta sa garkuwar jiki ba ta kula ta, kamarta da sinadarin jiki kuma ta sa dole a yi taka-tsantsan.

Nan ma guba ba ta aiki sai da abin riƙo. ETEC tana da nau'in gashin mannewa fiye da 20, yawanci a kan filasmid, kuma gashin ne ke zaɓen wanda za a kama. Mai gashin K88 'ya'yan aladu take kamawa, mai K99 maruƙa da 'yan tumaki, masu CFA/I da danginsu kuma mutane. Da yake filasmid na yawo, an daɗe ana ɗauka kowace E. coli na iya zama ETEC dare ɗaya. Binciken da aka yi a 2014 kan ɗaruruwan ƙwayoyi da aka tara cikin shekaru kusan 30 ya rage wa wannan zato ƙarfi. An ga wasu zuriyoyi ƙalilan riƙe da haɗin guba da gashi iri ɗaya shekara da shekaru, a nahiyoyi daban-daban. Filasmid yana iya shiga ko'ina, amma ba ko'ina yake zama ba.

Gubar Shiga

Kiyoshi Shiga ya gano ƙwayar atini, wato Shigella, a Japan a 1897, kuma gubar da ke ɗauke da sunansa ta bambanta da waɗanda suka gabata, domin ita kashe sel take yi. Tana ratsa hanji ta shiga jini, ta kama wani sinadari mai suna Gb3 da ke da yawa a ƙananan jijiyoyin ƙoda, ta shiga sel ta cire harafi ɗaya tak daga injin haɗa furotin. Injin ya tsaya, sel ya mutu. Abin da ke biyo baya shi ne fashewar jajayen ƙwayoyin jini da tsayawar ƙoda, ciwon da likitoci ke kira HUS, wanda ya fi kama yara ƙanana.

A cikin jinsunan Shigella huɗu, Shigella dysenteriae nau'i na 1 ce aka sani da wannan guba. Ƙwayar gadon tana cikin kuromosom ɗinta, kewaye da ɓaraguzan wani faj da ya lalace ya kasa tashi. A E. coli kuwa faj ɗin da ransa. An farga da hakan bayan 1982, lokacin da nau'in O157:H7 ya sa mutane kashin jini a jihohin Oregon da Michigan ta hanyar niƙaƙƙen naman da bai gasu ba. Shekaru biyu bayan haka aka nuna cewa bairas ne ke ɗauke da gubar. Yau an san ɗaruruwan nau'in E. coli masu ita.

Gubar Shiga, ko Stx a taƙaice, iyali biyu ce. Stx1 kusan kwafin ta Shigella ce, stx2 kuma ta yi nisa da ita, kowace da ƙananan rassa. Reshen stx2a shi ne aka fi alaƙantawa da lalacewar ƙoda. Stx2e cutar kumburi take sa wa aladu, stx2f a jikin tattabaru aka fi samun ta, kuma ba safai suke yi wa mutum mummunar illa ba. Ƙwaya ɗaya tana iya ɗaukar faj biyu ko uku. Da aka karanta DNA ɗin O157:H7 ɗin da ta kama dubban 'yan makaranta a birnin Sakai na Japan a 1996, an ƙirga faj ko ragowarsa guda 18 a kuromosom ɗinta. Tana kuma da tsibirin cuta mai suna LEE, wanda ke ba ta ikon manne wa bangon hanji ta share gashinsa.

Babban masaukin waɗannan ƙwayoyi hanjin shanu ne da tumaki da awaki. Saniya ba ta jin komai, domin jijiyoyinta ba su da isasshen Gb3 da gubar za ta kama. Daga kashinta ƙwayar ke kai wa ga nama a mayanka, ga madarar da ba a tafasa ba, ga ganyen da aka yi wa taki, ga ruwan sha. A 1992, lokacin fari, an yi babbar ɓarkewar O157 a ƙasar da ake kira Eswatini yanzu, inda mutane da shanu suka haɗu a kan ragowar ruwa ɗaya.

Inda ƙwayar gadon ta zauna a jikin faj yana da sakamako na musamman. Tana cikin jerin umarnin da ba a karantawa sosai sai bairas ya farka zai fita. Abin da ke tayar da shi kuwa lalacewar DNA ɗin mai masauki ne. Da ya ji gidan zai rushe sai ya hau kwafin kansa, gubar ta yawaita, ƙwayar ta fashe ta zubar da ita. Magunguna irin su ciprofloxacin ta hanyar lalata DNA suke kashe bakteriya, saboda haka suna iya ƙara yawan gubar a cikin hanji.

Abin da ya faru a Jamus daga Mayu zuwa Yulin 2011 ya nuna yadda sabon haɗi ke iya fitowa ba zato. Kusan mutum 4,000 suka kamu, fiye da 800 ƙodarsu ta taɓu, fiye da 50 suka mutu, kuma yawancinsu manya ne, mata sun fi yawa. Da farko an ɗora laifin kan kokwambar Sifaniya, manoma suka tafka asara a banza, kafin a gano tsiron hulba ne da aka shuka daga irin da aka shigo da shi daga Masar. Ƙwayar, O104:H4, ba ta da tsibirin LEE, kuma ba daga shanu ta fito ba. 'Yar wani dangin E. coli ce da ke taruwa jingim a bangon hanji yana sa gudawa mai daɗewa, kuma an taɓa samun 'yar'uwarta ta kusa, marar gubar Shiga, a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya a shekarun 1990. Faj mai stx2a ne ya shige ta, gwanar mannewa ta samu guba mafi muni. Duk gwajin da aka tsara don neman O157 ko LEE zai wuce ta bai gani ba.

Sauran Shigella ba da gubar Shiga suke ɓarna ba. Wani ƙaton filasmid ne, mai harufa kusan 220,000, ke ba su ikon kutsawa cikin sel ɗin babban hanji. Nazarin DNA ya nuna cewa Shigella rassan E. coli ne da suka samu wannan filasmid a lokuta daban-daban, tarihin likitanci ne kawai ya bar musu suna na daban. Iyakar ma ba ta tsaya cak ba. A shekarun 2010 an samu Shigella flexneri mai gubar Shiga a jikin matafiyan da suka dawo daga Haiti da Jamhuriyar Dominikan, da Shigella sonnei mai ita a Kalifoniya.

Sauran dangi

Clostridioides difficile, mai sa gudawa bayan an sha maganin kashe ƙwayoyin cuta ya share bakteriyar kirki, tana ajiye gubarta biyu, tcdA da tcdB, a yanki ɗaya mai harufa kusan 19,600. Waɗanda ba su da yankin, ɗan guntun DNA ne kawai a gurbinsa, kuma ba sa cutarwa, har an gwada ba majinyata su don su tare wa masu guba wuri. Nau'in 027, da ya addabi asibitocin Kebek a Kanada a farkon shekarun 2000, yana da guba ta uku a wani yanki daban.

Clostridium perfringens ita ce ta babbar tukunyar nama da aka bari ta huce a hankali. Tana ko'ina a ƙasa da hanjin dabbobi, amma kashi 5 cikin 100 ko ƙasa da haka ke da cpe, ƙwayar gadon gubar gudawa. A yawancin waɗanda ke gurɓata abinci cpe tana kan kuromosom, kuma irinsu ya fi jure zafin girki. A waɗanda ke sa gudawar da ba ta abinci ba, kan filasmid take. Bacillus cereus kuwa, kusan dukan danginta suna da nhe, ɗaya daga cikin gubar gudawa, amma gubar amai tana kan filasmid a wata zuriya ƙarama. Ita ce ke taruwa a shinkafar da ta kwana a waje, kuma ɗumame ba ya lalata ta.

A ɗaya ƙarshen akwai Campylobacter jejuni ta naman kaji, wadda kusan kowace ƙwayarta ke da cdtA da cdtB da cdtC a kuromosom. Samun su bai bambanta mai tsanani da mai sauƙi ba. Vibrio parahaemolyticus ta abincin teku akasin haka take: tdh ko trh suna jikin mafi yawan waɗanda aka ɗebo daga marasa lafiya, amma ƙalilan ne daga cikin na ruwa ke da su.

Riba da asara

Haɗa guba yana cin ƙarfin bakteriya, faj mai rai kuma yana iya fasa ta kowane lokaci, don haka ƙwayar gado ba ta dawwama sai inda take biyan kuɗin zamanta. Ribar kwalara a bayyane take: gudawar tana fitar da ƙwayoyi bila adadin zuwa ruwan da wani zai sha. Ta gubar Shiga ba ta fito fili haka ba, tunda saniya ba ta ciwo, mutum kuma masauki ne na tsautsayi. Wani hasashe shi ne gubar tana kare bakteriyar daga ƙananan halittun da ke cinye ta a tumbin dabba da cikin ƙasa. Kayan yana kuma faɗuwa kamar yadda yake hawa. An sha ganin E. coli ta zubar da faj ɗin stx a tsakiyar ciwo, ta yadda gwajin da aka yi a makare zai nuna ƙwaya marar guba a jikin yaron da ƙodarsa ta riga ta tsaya.

A ɗakin gwaji da gefen gado

Tsohuwar hanyar gwaji ita ce a shuka bahaya a faranti a ga abin da ya tsiro. Wannan yana ba da sunan bakteriya, amma E. coli mai guba da ta gida kamanninsu ɗaya. O157 ce kaɗai ta zo da sauƙi, domin ta rasa ikon cin wani sukari mai suna sobitol, sai ta fito fara a farantin da sauran suka yi ja-ja. Sauran masu gubar Shiga suna cin sobitol, suna sajewa cikin taro. Shi ya sa aka koma gwajin PCR, wanda ke neman ƙwayar gadon kanta: ctxA don kwalara, elt da est, wato na LT da ST, don ETEC, stx1 da stx2 da eae ta tsibirin LEE don masu gubar Shiga, ipaH don Shigella, tcdB don C. difficile.

Shi ma PCR yana da nasa tarkon. Yana nuna umarnin yana nan, ba ya nuna ana aiki da shi. Jarirai da yawa suna ɗauke da C. difficile mai guba lafiya lau, shi ya sa asibitoci da dama ke ƙara gwaji na biyu da ke neman gubar kanta. A bahayar yaro ɗaya a inda tsafta ta yi ƙaranci ana iya samun alamar cututtuka uku ko huɗu, sai an duba yawan kowace kafin a ce ga mai laifi. Idan kuma aka samu stx da eae a samfuri ɗaya, mai yiwuwa daga ƙwayoyi biyu daban suka fito.

Wurin da rabon ƙwayoyin gadon ya fi takura likita shi ne kashin jini. Atinin Shigella yana buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma ciprofloxacin na cikin waɗanda ake bayarwa. E. coli mai gubar Shiga kuwa, irin wannan magani ne ake gudun ba ta, ruwa da sa ido kan fitsari da jini su ne jinyar. A ido bahayar biyu ba ta da bambanci sosai, ko da yake zazzaɓi ya fi zuwa da Shigella. Inda babu gwajin ƙwayar gado, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ɗauki kashin jinin yaro a matsayin Shigella a yi masa magani, domin ita ta fi yawa a ƙasashe masu tasowa. A Turai da Amurka, inda aka fi tsoron O157 da danginta, likitoci sukan jira sakamakon stx kafin su rubuta magani.